Aikin kwatangwalo karo na biyu: me za a saya, me za a bari a kanti?

Tambaya: An sake yi wa mahaifiyata aikin kwatangwalo saboda ƙarfen farko ya saki. Wancan karon ta miƙe da wuri, yanzu an ce kada ta taka sosai. Hankalina a tashe yake. Wane abin dogarawa zan saya mata? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ki kwantar da hankali. Aiki na biyu ya fi na farko nauyi, domin sai an cire tsohon ƙarfe, ƙashin da ya riƙe shi kuma ya riga ya sirance. Wani lokaci har tsaga ƙashin cinya ake yi, ko a yi ciko da wani ƙashi. Shi ya sa likita kan hana ɗora cikakken nauyi na mako 6, wani har 12. Ki nemi ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu wanda ake ƙara masa tsawo a rage. Ta tsaya da takalminta ta saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunta. Na gwanjo ba laifi, muddin bai lanƙwashe ba, maɓallansa suna kamawa, robar ƙasansa ba ta cinye ba. Robar da ta suɗe ita ke kayar da mutum a kan tayil. In likita ya faɗi kilo nawa za ta ɗora, ta riƙa danna ƙafar a kan sikelin awon nauyi har ta gane iyakarta. Ranar da aka ce ta koma sanda, a hannun da ba ɓangaren aikin ba za ta riƙe.

Tambaya: Masai na tsuguno muke da shi. Dole ne sai na kashe kuɗi?

Dole ne, Malam. Tsuguno ɗaya ya isa ya gotar da haɗin, kuma gocewa ta fi yawa bayan aiki na biyu. Sayi kujerar bayan gida mai hannuwa, mai tsawon da gwiwa ba za ta ɗara ƙugu ba in an zauna. Katifar ƙasa a ɗora ta kan gado, zaman tabarma da harɗe ƙafa a jingine su, salla a yi ta a kujera mai tsawo ba tare da sunkuyawa sosai ba, har likita ya sake ka.

Tambaya: An tallata mini garin haɗa ƙashi da na'urar girgiza a WhatsApp. Wanne ya fi?

Babu. Abin da ke ba ni takaici ke nan: iyali sun sayar da fili an yi tiyata, sannan kuɗin mai gashin ƙashi, wato ma'aikacin lafiya mai koyar da motsa jiki bayan tiyata, ya gagara, amma na kwalabe bai gagara ba. Wane gari ne zai manne ƙarfe da ƙashi? Wasunsu ko lambar NAFDAC ba su da ita, masu lambar ma akwai na jabu. Wasu haɗe-haɗen kan ɓoye maganin kashe ciwo, mutum ya ji garau ya taka fiye da ƙima, ga shi ƙila yana shan maganin tsinka jini da aka rubuta masa. Ita kuwa na'ura girgiza kawai take yi.

Abin da ke tayar da majinyaci atisaye ne, kuma kyauta ne. Yana kwance ya riƙa ɗaga tafin ƙafa sama yana mayarwa ƙasa, sau 10 kowace sa'a, don kada jini ya daskare. Ya danna bayan gwiwa a katifa, ya ƙirga biyar, ya saki. Ya matse mazaunai haka nan. Ya jawo dunduniya a kan katifa zuwa wajen jikinsa a hankali ya mayar. Waɗannan ukun na baya kowanne sau 10, sau uku a yini, tare da gajeriyar tafiya cikin gida. Buɗa ƙafa gefe kuwa sai an tambayi likita, saboda in an tsaga ƙashin da tsokar gefe ke kamawa, yin sa da wuri kan ɓalle gyaran. Kuɗin garin maganin nan ka kai wa ƙwararren mai gashin ƙashi mai rajista, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa, kuma ka tafi masa da takardar likitan tiyata. Ragowar ka sayi ƙwai da wake da kifi.

Tambaya: Ko in kira mai ɗori ya ɗan ja ƙafar?

Ja fa? Ƙarfe ne a ciki, ba targaɗe ba. Kada ya taɓa ta.

Tambaya: Ni matashiya ce mai sikila, wannan aikina na biyu. In sayi keken motsa jiki?

Sannu, ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Ki dakata tukuna, ki fara gwada na asibiti in an ba ki izini, sirdi a sama, ba tare da ƙara masa tauri ba. Ki sha ruwa sosai, kada ki kai kanki ga galabaita, don rashin ruwa da gajiya kan tayar da ciwonki. Tsamin jiki bayan atisaye ba komai ba ne. Amma zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, kumburin sharaɓa, ɗaukewar numfashi, ko ƙafa ta gajarce farat ɗaya ta karkata, waɗannan asibiti ake tafiya a take, kuma a mota, ba a bayan babur ba.