Digiri a Bakin Aiki

Tambaya: Malam, shin ma'aikaci zai iya yin digiri ba tare da ya ajiye aikinsa ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa, musamman idan kamfaninsa ya ƙulla yarjejeniya da wata jami'a. A Ingila an soma irin wannan tsari a 2015, inda ma'aikaci yake karɓar albashinsa, ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma ana ware masa lokacin karatu daga cikin sa'o'in aikinsa. Tun 2017 manyan kamfanoni suke biyan harajin kashi 0.5 cikin ɗari na albashin ma'aikatansu domin ɗaukar nauyin horon. Amma ka duba manhajar karatun da idon basira, domin idan ta karkata ga bukatun kamfani ɗaya, za ka sha wahala ranar da ka sauya wurin aiki.