Garejin gida zai iya zama shagon kafinta?

Tambaya: Ina sayar da gadaje da kujeru a Sabon Garin Zariya. Ina son in mayar da garejin gidana, mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 20, wurin aikin kafinta, in daina saro kaya. Inji zan fara saye?

Amsa: Alhaji, dakata da maganar inji tukuna, ka fara da awo. Falankin da ake sayarwa a 'yan katako yawanci ƙafa 12 ne. In za a tsaga shi a injin yanka, yana son fili ƙafa 12 a gaba, 12 a baya, kai kuwa 20 gare ka. Saboda haka injin ya zauna saitin ƙofa, katako ya riƙa fita waje yayin da ake tura shi. Wanda ya manna inji a lungu, kullum sai an yanke katako kafin a tsaga, asarar kuwa daga aljihunsa take fita.

Faɗin ƙofar kada ya gaza ƙafa 6, don wadirob da allon gado su fita ba a kankare fenti ba. Kuma ta kalli titi, yaran shago da masu ciniki kada su riƙa ratsa cikin gida.

Teburin aiki a gindin taga, tsayinsa kamar inci 34. Zarto, guduma da sauran kayan hannu a rataye a bangon da ke gabansa.

Ajiyar katako ita ce inda jari ke narkewa. Ɗora shi kan bulo, ƙafa ɗaya daga ƙasa, saboda gara da danshin damina. Tsakanin kowane layi a gitta siraran sanduna, tazarar ƙafa 2, iska ta ratsa. Ɗanyen katako in aka haɗa gado da shi, da hunturun Zariya ya buso zai tsuke, mahaɗa ta buɗe, gam ya saki, mai kaya ya dawo maka da shi. Gara ka saya da wuri ya sha iska.

Wajen wuta, ja wa shagon layinsa daban da waya mai kauri. Inji kan ja wuta ninki-ninki lokacin tayarwa, don haka janareto ya fi ƙarfin injin aƙalla sau biyu. Feshi da banish a rumfar waje, nesa da janareto da murhun gida, domin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, na kama wuta nan take.

Babban injin goge katako kuwa ba na yanzu ba ne. Biya ladan gogewa a kasuwa har aiki ya kankama. Rabin kuɗinka ya tsaya wa katako da ladan ma'aikata. Ɓawon katakon da ake sharewa ma a tara a buhu, masu kiwon kaji na saye.