Tsohon Zanen Maryamu: Ta Yaya Za A Gane Wanda Ya Zana Shi?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tsohon zanen Maryamu riƙe da jariri, a kan katako, a kasuwar gwanjo a Italiya, kuma akwai suna a ƙasansa. Kana son sanin ko na babban gwani ne.

Fara da juya shi. Bayan katakon yakan fi gabansa ba da labari: hatimin jan kaki, lambar gwanjo da alli, tsohuwar takarda da aka manna. Da su ake bin sawun hannayen da ya ratsa. Sunan kuwa, kada ka dogara da shi. Gwanayen zamanin da, irin na ƙarni na 16, da yawa ba sa sa hannu, wasu sunayen kuma dillalai ne suka ƙara daga baya. Almajiran gwani ma kan kwaikwayi zanensa a shagonsa.

Sai gwajin fenti. Wani shuɗin fenti da ake kira shuɗin Furusiya bai samu ba sai wajen 1706, don haka idan yana cikin asalin fentin, zanen ba na ƙarni na 16 ba ne. Hoton infrared, wanda ke hango abin da ke ƙarƙashin fenti, kan nuna inda mai zane ya sauya shawara. A wani zanen Yesu da ake kira Salvator Mundi an gano an gyara zaman babban yatsa, wannan ya taimaka aka danganta shi da shahararren mai zane Leonardo da Vinci, tunda mai kwaikwayo bai cika yin irin wannan gyara ba. An sayar da shi dala miliyan 450 a 2017, amma har yau masana na gardama a kansa.

Don Allah kada ka goge shi da ruwa ko kananzir. Na taɓa ganin wanda aka goge, fuskar ta tafi, abin ya dame ni ƙwarai. Ɗauki hotunan gaba da baya da rana, ka kai wa ƙwararren mai gyaran zane da masanin tarihin zane. Ka kuma nemi izinin hukuma kafin ka fitar da shi daga Italiya.