Hukuncin zaɓen abin da ake cusawa a bututun tukunyar tacewa ta gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na haɗa tukunyar tacewa ta tururi a gida, mai dogon bututu a tsaye, domin in riƙa fitar da ruwan wardi da man ganyaye masu ƙamshi. Wasu sun ce in cusa soson jan ƙarfe a cikin bututun, wasu sun ce zobban tangaran ko ƙwallayen gilashi sun fi. Sai wani aboki ya ce mini kayan masu giya ne, bai halatta in taɓa su ba. Mene ne hukunci, kuma wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin kayan aiki halal ne, kuma hukuncinsu yana bin abin da aka nufa da su. Ita kanta tacewa ta tururi tsohuwar sana'a ce a hannun Musulmi, domin Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya, ya rubuta littafi sukutum a kan haɗa turare da tace shi. Saboda haka maganar abokinka ba daidai ba ce idan aka sake ta haka, amma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka saurara.

Sai an san aikin abin da ake cusawar kafin a yi masa hukunci. Idan tururi ya taso ya ratsa ta cikin soso ko zobba, wani sashe nasa yana komawa ruwa ya gangaro, ya haɗu da sabon tururin da ke hawa, sai abin da ya fi saurin tafasa ya wuce sama, mai nauyin ya koma tukunya. Amfaninsa ke nan: raba ruwaye biyu da suka cakuɗe. Ruwa yana tafasa a digiri 100, alkohol kuwa a wajen digiri 78, kuma dogon bututu da aka cika da kyau yana iya kai ƙarfin alkohol kusan kashi 95 cikin ɗari. Mai fitar da man ƙamshi ba ya bukatar wannan. Shi so yake tururi ya ratsa furanni ko ganye, ya ɗauko man, ya isa wurin sanyayawa ta gajeriyar hanya, domin duk abin da ya tare tururin yana mayar da man baya, har wani ya maƙale a jikin soson. Idan manufarka ita ce wadda ka faɗa, ganyen da kansa shi ne abin da za ka zuba a bututun, ka sa ɗan raga a ƙasa don kada ya faɗa cikin tukunya. Mai tace ruwa zalla ma abin da yake bukata kaɗan ne, gwargwadon abin da zai hana fantsama hawa sama.

Wanda ya nace a kan bututu mai tsawo cike da zobba, to ya tambayi zuciyarsa abin da yake son rabawa. Idan abin sha mai sa maye ne, babu saɓani a kan haramcinsa. Allah Ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa duk abin da ke sa maye giya ne, duk giya kuma haram ce. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito an la'anci mutum goma a kan giya, na farkonsu mai matse ta, sannan wanda aka matse dominsa. Mai tacewa yana cikin ma'anar mai matsewa, har ya fi shi, tunda ƙarfinta yake ƙarawa. Ba wa irin wannan mutum shawarar soson da ya fi gyara ɗanɗano taimako ne a kan zunubi, wanda aya ta 2 ta wannan sura ta hana.

Saura alkohol da ba na sha ba, kamar na goge rauni ko na narka turare. Jumhur, wato mafi yawan malamai, suna ganin giya najasa ce, amma Rabi'a, malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani sun ce haramun ce sha amma jikinta mai tsarki ne, kuma a kan wannan ne malamai da yawa na zamani suka sauƙaƙa amfani da shi a magani da turare. Sai dai amfani daban, haɗawa a gida daban. Mai haɗawa dole ya jiƙa abu ya bar shi ya zama giya tukuna, ya ajiye ta, sannan ya tace. Abu Dawud ya ruwaito cewa Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da wasu marayu suka gada, Annabi (SAW) ya ce a zubar, Abu Ɗalha ya ce ko in mayar da ita khal, wato ruwan tsami, Annabi (SAW) ya ce a'a. Idan dukiyar marayu ba ta zama uzuri ba, ban ga uzurin mai neman sauƙin kuɗi ba. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a toshe wannan ƙofa, ka sayi wanda masana'anta suka gurɓata don kada ya shawu. Ga kuma dokar ƙasashe da yawa da ta hana tace alkohol ba tare da lasisi ba.

Game da zaɓin kaya a aikin halal, ma'aunin shi ne hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. Jan ƙarfe tsantsa ya halatta, domin Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi alwala a ƙwaryar tagulla, kuma jan ƙarfen yana kama warin farar wuta da ke cikin tururi, sai dai yana yin koren tsatsa mai cutarwa idan ba a wanke shi an shanya ba. Ka kula da soson wanke tukunya, domin da yawa baƙin ƙarfe ne aka shafa masa launin ja. Ka kusanto da mayen ƙarfe, idan ya kama to ba jan ƙarfe ba ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa da gilashi da zobban tangaran irin waɗanda wani Bajamushe mai suna Raschig ya ƙirƙiro duk sun halatta, sun kuma fi sauƙin wankewa. Abin da aka like da dalma, da roba mai narkewa, da ƙarfen da ba a san haɗinsa ba, bai halatta a sa su a abin da mutane za su sha ko su shafa ba. Zinariya da azurfa kuwa jumhur sun hana amfani da su a matsayin mazubi ko da ba a ci da sha ba, don haka a bar su.

Kada ka danna abin cusawar da ƙarfi. Bayan ka zuba, ka hura iska da baki ta ƙasan bututun. Idan ba ta fita cikin sauƙi ba, tururi ma ba zai fita ba, kuma tukunyar da aka toshe tana iya fashewa a fuskar mai ita. Idan kuma kayan na hannu ka saya, waɗanda aka taɓa tace giya da su, ka wanke su har wari da launi su gushe, sannan ka yi aikinka da su. Wallahu a'alam.