Takunkumi, “maka a kotu” da shari'ar da ke da ciki

Wani mai sayar da wayoyi a kasuwar Wunti, Bauchi, ya ji a rediyo an ce kamfanin DJI ya maka ma'aikatar tsaron Amurka a kotu saboda takunkumi. Tambayarsa: Malam, takunkumi ba na jaki ba ne? Kuma wa aka maka da me?

Na jaki ne, ɗan'uwa, da raƙumi da sa. Igiya ake saƙawa a ɗaura wa dabba a baki, ta yi tafiya, ta yi aiki, amma ba ta iya kai baki ga amfanin gona. Shi ya sa kalmar ta dace da abin da aka yi wa Huawei, kamfanin fasaha na China, a watan Mayun 2019, lokacin da ma'aikatar kasuwancin Amurka ta hana kamfanonin ƙasar sayar masa da kayan fasaha sai da lasisi. An bar shi da rai, an ɗaure baki.

Wanda DJI, mai ƙera jirage marasa matuƙa, ya kai ƙara a kansa daban ne. Sunansa ma'aikatar tsaron Amurka ta sa cikin jerin kamfanonin China da ake cewa suna da alaƙa da soja. Jerin bai hana shi ciniki kai tsaye ba, abokan hulɗa ne ke ja da baya. Wannan baƙin fenti ne. Wasu masu fassara kan ce “an shafa masa kashin kaji”, amma a kula: wannan magana tana nufin zargin ƙarya ne, ka ga mai labari ya yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba.

“Maka” kuwa duka ce mai ƙarfi, kamar “ya maka shi da ƙasa”. 'Yan jarida suka aro ta. A takardar kotu “shigar da ƙara” ake rubutawa.

Karin maganar da ta dace a nan ita ce “shari'a mace ce da ciki”, ba a san abin da za ta haifa ba. Xiaomi, kamfanin wayoyi na China da aka sa cikin irin wannan jerin, ya shigar da ƙara a Washington a Janairun 2021, a Maris alƙali Rudolph Contreras ya dakatar da matakin saboda hujjojin gwamnati ba su gamsar ba, a Mayu aka cire sunansa. DJI ya kai tasa ƙarar a Oktoban 2024, a Satumban 2025 kotu ta bar sunansa a jerin.