Ku Tambayi Malam: NCE, TP da Yadda Makaranta Ke Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da warhaka. Na gama sakandare shekara biyu kenan, sau biyu ina yin JAMB jami'a bata ɗauke ni ba, yanzu Baba yace in je kwalejin ilimi in yi NCE kawai, wato karatun malanta, ni kuma wallahi ƙawayena cewa suke wai NCE ta waɗanda suka rasa mafita ce. Ina son yara kam, ina ma koyarwa a islamiyyar unguwarmu da yamma, amma maganarsu ta tsaya min a rai. Wane kos ya kamata in cike? Daga wata 'yarka a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Maganar ƙawayen nan naki ki ajiye ta gefe. Sardauna malamin makaranta ne kafin siyasa, Tafawa Ɓalewa ya koyar a midil ta Bauci, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da kwalejin horon malamai ta Maru, Shehu Shagari shima da alli ya fara. Ba wai ina ce miki aikin babu wahala bane, akwai, albashi bai taka kara ya karya ba kuma a wasu jihohin sai wata ya yi nisa kafin a ji alat, wannan gaskiya ce kuma gara ki sani tun yanzu. Amma ke da kika riga kika saba tsayawa gaban yara a islamiyya kin fi da yawa daga masu shiga kwalejin shiri.

NCE shekara uku ce, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da tsarin ilimin Nijeriya ya yarda mutum ya koyar da ita, tunda an daina Gired Tu ɗin da iyayenmu suka yi. Hukumar NCCE da aka kafa a 1989 ita ke sa ido kan kwalejojin, saboda haka kafin Baba ya biya ko sisi ki tabbatar kwalejin tana cikin waɗanda hukumar ta amince dasu, musamman irin masu zaman kansu ɗin nan dake buɗewa a lungu, an sha yin shekara uku a fito da takardar da ba inda za a karɓe ta. Ke da kike jihar Katsina ga kwalejin Isa Kaita a Dutsinma, ga ta tarayya a cikin Katsina.

Maganar kos kuwa nan ne nake so ki nutsu. A NCE yawanci darasi biyu ake haɗawa, misali Hausa da Islamik, ko Lissafi da Fiziks, ko Turanci da Hausa, sannan kowa dole ya yi darussan ilimi a kai, wato sanin halayyar yara, dabarun koyarwa, yadda ake tsara manhaja da yadda ake auna fahimtar ɗalibi. Yaranmu da yawa duk inda aka ce akwai sauƙi can suke tururuwa, sai a gama a tarar an cika maƙil a layi ɗaya, alhali makarantun ƙauye suna neman mai koyar da lissafi da kimiyya ido rufe. In kanki na ja a lissafi kar ki gudu. In kuma zuciyarki na wajen ƙananan yara ne, to ki cike PES, kos ɗin da aka ware don koyarwa a firamare, ko na renon yara 'yan kafin firamare. Ni a ganina malamar da ta iya koya wa ɗan aji ɗaya haɗa baƙi da wasali har ya karanta jimla da kansa ta fi kowa amfani a makarantar, don yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba haka zai yi ta jan ƙafa har sakandare. Kuma jami'ar bata wuce ki ba, da sakamako mai kyau na NCE ana shiga aji biyu kai tsaye a yi digirin ilimi.

Tambaya: Malam ina wuni. Ina NCE 2 ne, simesta mai zuwa zamu fita TP, wato koyarwar gwaji a makarantu, kuma gaskiya gabana faɗuwa yake, a maikuro tichin ma da 'yan ajinmu kawai nake koyarwa sai da murya ta ta riƙa rawa, to ina ga aji mai yara sama da ɗari. Kuma ban gane waye ke sama da wa ba a harkar, ina jin ana cewa ES, SUBEB, SBMC duk sun rikita ni. Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Lafiya lau ɗana. Bari in fara da mai sauƙin. A firamaren gwamnati hedimasta ne shugabanka, shi kuma yana ƙarƙashin ES, wato sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ofishin ES yana ƙarƙashin SUBEB ta jiha wadda ke kula da ilimin bai-ɗaya, can Abuja kuma akwai UBEC dake ba jihohi tallafin gine-gine da kayan aiki in sun kawo nasu kason. An ƙaddamar da shirin UBE, wato na ilimin bai-ɗaya, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ita ce ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Babbar sakandare kuma tana hannun ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar sakandare. SBMC kwamiti ne na mutanen gari, mai unguwa, liman, iyaye mata, tsofaffin ɗalibai, su ne zaka ga sun tashi in rufin aji ya yaye ko yara sun daina zuwa lokacin damina. Manhajar kuma hukumar NERDC ce ke tsara ta, daga ita ake fitar da sikim, wato jerin darussan da za a koyar, na kowane zango, mako-mako.

To TP. Ranar da ka isa kar ka yi gaggawar karɓar alli. Ka gaida hedimasta, ka sa hannu a littafin zuwa, ka roƙi malamin ajin ya barka ka zauna a baya kwana biyu ko uku kana kallo kawai. Ka lura da waye monita, su waye ke zaune a ƙasa bakin allo, waye ke can ƙurya baya ɗaga hannu, wace yarinya ce kullum sai bayan asambuli take shigowa saboda talla ko ɗiban ruwa. Ka karɓi sikim da rajista ka kwafe sunayen yaran, ko ashirin ka haddace a makon farko zaka ga bambanci, yaro in ka kira shi da sunansa jikinsa daban yake yi da in kace kai mai jar hula.

Lesin not kuma, wato tsarin darasin da zaka rubuta kafin ka shiga aji, kar ka ɗauke shi wahalar da aka ɗora maka don sufabaiza, malamin da kwalejinku zata turo ya duba koyarwarka. Shi ne maganin rawar muryar nan. Ka rubuta abu ɗaya ko biyu da kake so yaro ya iya YI in an tashi, ba wai ya fahimta kawai ba, misali ya raba goma sha biyu gida uku. Sai ka zo da kayan aiki, ba sai na saye ba, marafan lemo ko 'ya'yan tsamiya cike da gwangwani sun isa. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ka basu goma sha biyu kace su raba wa mutum uku daidai, zaka ji hayaniya amma hayaniyar aiki ce, kana zagayawa kana duba hannayensu, sai wani ya ɗago yace Malam huɗu-huɗu ne, sannan ne zaka je allo ka rubuta alamar. Minti talatin da wani abu ne darasin, in ka cinye shi kana rubutu ka juya musu baya to ajin ya kuɓuce maka. Kuma in ka ga Turancin baya shiga ka yi bayani da Hausa sannan ka dawo, ba abin kunya bane. Bulala kuwa ka rabu da ita, kai baƙo ne a makarantar, matsalar tarbiyya ka miƙa wa malamin aji. Sufabaiza ba sai ya sanar da kai ranar zuwansa ba, kuma wanda ya faɗi TP baya karɓar NCE sai ya maimaita, don haka kullum lesin not ɗinka ya zama an duba an sa hannu kafin ka shiga.

Tambaya: Malam ina da digiri a Kemistiri, shekara huɗu ina koyarwa a wata firabet, yanzu ana cewa wai ni ba malami bane sai ina da TRCN. Ya abin yake? Daga wani ƙaninka a Gusau.

Amsa: Gaskiya suka faɗa maka ƙanena, a wajen doka. TRCN ita ce hukumar rajistar malamai, dokar da ta kafa ta ta 1993 ce, kuma bata yi wa mutum rajista sai yana da takardar koyarwa, NCE ko digirin ilimi ko PGDE. Kai PGDE zaka yi, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, kusan shekara ɗaya ce, jami'o'i na yi, cibiyar horar da malamai ta ƙasa NTI mai hedikwata a Kaduna ma tana yi a cibiyoyinta na jihohi kuma a ƙarshen mako ake zuwa, ba sai ka bar aikinka ba. In ka gama sai ka zauna jarrabawar cancanta ta TRCN wadda aka fara a 2017, a kwamfuta ake yinta, tambayoyin kuma kan dabarun koyarwa ne da ƙa'idojin aikin, ba Kemistiri za a tambaye ka ba. Kar ka bari sai an buɗe ɗaukar aikin gwamnati sannan ka fara nema a guje, ka sayi fom ɗin PGDE a wannan zangon.