Likita ya ga iyalina ta bidiyo ya ce kumburin ba komai, amma hankalina bai kwanta ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina aiki a Fatakwal, iyalina kuma tana ƙauyenmu da cikin fari na wata bakwai. Saboda nisan asibiti na haɗa ta da wani likita da na samu a intanet, yana ganinta ta bidiyon WhatsApp duk sati biyu, ina biyansa. Yau kwana huɗu ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, kanta na sara, ta ce wani lokaci tana ganin ƙyalli-ƙyalli. Ya kalle ta ya ce lafiyarta ƙalau, ta sha farasitamol ta rage gishiri. Shin ganin da ya yi mata ya wadatar?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, kira gida a kai ta asibitin da ake karɓar haihuwa, yau ɗin nan. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tashin hankali ba ne ga mai tsohon ciki. Amma kumburin fuska da ciwon kai mai naci da ganin ƙyalli-ƙyalli, a cikin fari da ya wuce sati 20, alamomin hawan jinin masu ciki ne, wanda in aka yi sake yake kaiwa ga jijjiga. Abu biyu za a fara yi mata: awon hawan jini da gwajin fitsari don neman furotin. In awon ya kai 140/90 akwai matsala. In ya kai 160/110, kwanciya ce a asibiti, babu komawa gida.

Ka lura, cikin waɗannan biyun babu wanda kyamara ke iya yi. Nan ne kuskuren da ke cin rayuka yake: mutane sun ɗauka "likita ya gan ta" da "likita ya duba ta" abu ɗaya ne. Gani daban, dubawa daban. Hawan jini ba ya rubuta kansa a goshi. Mace na iya zama tana murmushi tana amsa gaisuwa, jininta na 170/115, bayan 'yan awoyi ta faɗi tana jijjiga. Wanda ya kalli allon waya ya ce "lafiyarki ƙalau" ba tare da ya tambayi lambar awon jini ba, duba ya yi irin na boka, ko da kwalinsa na gaskiya ne.

Kyamarar waya ma kanta maƙaryaciya ce. An ƙera ta ne don ta ƙawata fuska: tana ƙara haske, tana gyara launi, in netiwok ya yi rauni kuma sai ta dusashe hoton. Shi ya sa ba a dogara da ita wajen gane ƙarancin jini a fatar ido ko ciwon shawara a farin ido. Likita ba zai iya danna ƙwauri ya ga ko yatsa ya lotsa ba, ba zai sa tef ya auna tsayin ciki ba, ba zai ji bugun zuciyar jariri ba, balle ya lalubi kwanciyarsa. Waɗannan su ne awo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta samu ganawa da ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. Bidiyo ƙari ne a kan awo, ba madadinsa ba.

Abin takaici, wannan rashin fahimta ta buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Farar riga ko tela ya ɗinka maka, abin sauraren ƙirji kuwa ana sayar da shi a kanti. Mutum ya rataya su, ya buɗe shafi a TikTok ko Facebook, shi ke nan ya zama "Dokta". Duk wanda zai duba maka iyali daga nesa, tambaye shi cikakken sunansa, da asibitin da yake aiki, da lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, da lasisin aikinsa na bana, don duk shekara ake sabunta shi. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. In kuwa kowace ganawa tana ƙarewa da "akwai haɗin da nake sayarwa, turo kuɗi a sa a mota", to ka san da wa kake magana. Alama mafi sauƙi ita ce wannan: likitan kirki ya san inda bidiyo ya tsaya, kuma za ka ji yana cewa "wannan sai an je asibiti". Wanda bai taɓa faɗin haka ba, ciniki yake karewa.

Ba cewa nake ganawa ta bidiyo ba ta da amfani ba. Tana da shi sosai wajen bayanin sakamakon gwaji, da bibiyar mai hawan jini ko ciwon suga da aka riga aka san shi, da rage wa mutum tafiyar da ba dole ba. Sharaɗin shi ne a samar wa likitan hannu a wancan ɓangaren. Mafi kyau a yi kiran daga ƙaramin asibitin garin, ungozoma mai horo ko ma'aikaciyar lafiya na gefe tana aunawa tana faɗa masa. In a gida ne, a sayi na'urar awon jini mai ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ta zauna ta jingina na minti 5, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, a auna sau biyu, a rubuta lamba da lokaci. A tura hoton katin awo da kwalayen duk maganin da take sha tun kafin kira. Ta fuskanci taga ko ƙofa, kada hasken ya kasance a bayanta. In hoto na yankewa, a kashe bidiyo a ci gaba da murya, don jin magana daidai ya fi ganin fuskar da ta daskare.

Sai batun kunya, wanda magidanta kan manta. Mace mai cikin fari ba za ta ce tana ganin jini ko ruwa a gaban surukarta ba, balle ƙanen miji na riƙe da waya. A ba ta wayar, a bar mata ɗakin. Kai ma in kana kan layi, sauka na 'yan mintoci.

Kafin a isa asibiti: kada a ba ta maganin hawan jinin Hajiya ko na wani dattijo a gida, don irinsu lisinopril na cutar da jariri. Kada a ba ta maganin sa fitsari wai don kumburi ya saɓe, kada kuma a ƙara mata ibuprofen ko diclofenac. In jijjiga ta kama ta a hanya, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa cokali a bakinta, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, don zai iya bi ta huhu. Ba iska ba ce, ba aljanu ba ne, a yi addu'a mota na tafiya. Maganin jijjiga allurar magnesium sulphate ce, kuma mai yin ta sai ya riƙa duba numfashinta da yawan fitsarinta da motsin gwiwarta. A tafi da katin awonta in tana da shi, da ɗan'uwa mai ƙoshin lafiya da zai iya ba da jini in an buƙata. Allah ya sauke ta lafiya.